Babi Na Shida: Hukuncin Tsohon Noti

Duk wanda ya taɓa zama bisa benci a gareji, ko a Fanteka ta Kaduna ko a wajejen Ƙofar Ruwa a Kano, yana jiran a haɗa masa injin da aka sauke, lalle ya ga wani ɗan kwano da akan ajiye gefe guda da fetur a ciki, yaron gareji ya tsuguna yana wanke waɗansu dogayen notoci guda goma da tsohon buroshi, yana jera su bisa kwali suna ƙyalli kamar yau aka ƙera su. Mai mota zai yi cinikin gaskit har muryarsa ta dushe, zai binciki asalin ringi da metal, zai sa a kai top silinda wurin masu wasawa ya tsaya a kansu, amma notocin nan goma, waɗanda su ne za su riƙe dukan abin da ya ɓatar wa kuɗi, da wuya ka ji ya ce uffan a kansu. Abin mamaki kuwa, mu ne mutanen da in muka ga wani ya fita hayyacinsa mukan ce notin kansa ya kwance, watau harshenmu ya riga mu shaida cewa kai ba ya zama daidai sai da noti, amma in an zo ga kan injin sai mu manta.

Ni ma na yi shekaru cikin wannan gafala, har sai da wata tsohuwar Golf da na taɓa mallaka ta ƙone gaskit wata rana da azahar a hanyar Zariya, bayan tiyon lagireto ya fashe ban ankara ba. Bakaniken da ya karɓi aikin mutum ne mai hannu, ban taɓa kama shi da ha'inci ba, kuma da na ga zai mayar da tsofaffin notocin, na yi masa tambayar marar sani, ko ba a sake su ne, sai ya yi murmushi ya ce, “Haba Alhaji, ai ƙarfe ne, ba roba ba. Tun ina yaron gareji muke mayar da su.” Ya ɗauko sifana, ya zura mata bututu don ƙarin tsawo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ba a yi wata biyu ba, na buɗe murfin baƙin mai na tarar ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa da mai sun gauraya. Aka sake sauke top, aka sake sayen gaskit, wannan karo da sababbin notoci, kuma da muka jera tsofaffin kusa da sababbin bisa teburin ƙarfe, sai ga biyu daga ciki sun zarce 'yan'uwansu tsawo, sun ɗan tsuke daga sama da haƙora kamar wuyan gora.

Maganar nan tasa, cewa ƙarfe ba roba ba ne, a nan kuskuren ya samo asali, domin a haƙiƙa ƙarfe yana miƙewa in an ja shi, yana kuma komawa in an sake shi, kamar dai danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi, illa dai miƙewar tasa ta yi ƙanƙanta ainun har ido ba ya riskarta. Wani masani Bature, Robert Hooke na Ingila, shi ya fara tsara wannan ƙa'ida. Ya ɓoye ta tukuna cikin haruffa a hargitse a 1676, kamar yadda malamanmu na dā kan ɓoye shekara cikin ramzi a ƙarshen waƙa, sa'an nan ya warware ta a fili a 1678. Abin da ta ƙunsa shi ne, gwargwadon ƙarfin da ka ja abu da shi, gwargwadon miƙewarsa: ka ninka jan, miƙewa ta ninku, ka saki, ya koma yadda yake. Saboda haka noti, in an ɗaure shi, igiya ce ta ƙarfe da aka ja ta miƙe, kuma yunƙurin da take yi na komawa tsawonta na asali shi ne ƙarfin da ke matse top bisa bulok. Wanda ya san kalangu ya riga ya fahimci rabin karatun, gama fatun nan biyu ba ƙusa ke riƙe su ba, tsirkiyoyin da aka ja ne, kuma ranar da tsirkiya ta saki, ranar ce muryar kalangu ke mutuwa ko da fatar lafiya lau take.

Nauyin da aka ɗora wa waɗannan igiyoyi ba ƙarami ba ne. A injin fetur mai silinda huɗu irin na Golf, wanda faɗin fistinsa milimita 81 ne, duk sa'ad da wuta ta tashi a silinda ana cikin jan kaya, tururin da ke tura fistin ƙasa yana tura top sama da ƙarfin da ya kai wajen tan 3, kuma in injin yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana yin wannan naushi sau 25 a daƙiƙa guda. Injin dizal kuwa ya fi haka nesa. Domin kada top ya ɗaga ko da kaurin gashi, wajibi ne matsin notoci ya rinjayi wannan naushi da rata mai yawa, shi ya sa noti ɗaya mai kaurin milimita 10 na ƙarfe mai kyau kan riƙe kusan tan 5, goma ɗin kuwa su haɗu su danne gaskit da nauyin da ya tasam ma tirela guda da lodinta. Duk wannan ƙarfi, in notin mai tsawon milimita 100 ne, yana fitowa ne daga miƙewar da ba ta kai rabin milimita ba. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, don shi ne mabuɗin sauran bayani: dukan jarin noti bai kai rabin milimita ba, wanda ya yi asarar kashi ɗaya cikin goma na milimita kuwa ya yi asarar fiye da humusin ƙarfinsa.

Amma ƙa'idar Hooke tana da haddi. Ɗauki wayar ƙarfe ka ɗan lanƙwasa ta kaɗan ka saki, za ta miƙe ta koma. Ƙara lanƙwasawa ka wuce wani wuri, sai ta zauna a lanƙwashe. Ka yi ta maimaitawa a gurbi ɗaya, sai wurin ya taurare ya yi zafi, daga nan ya karye. Haka ƙarfen noti yake. Ƙasa da haddin, miƙewarsa aro ce, yana mayarwa. Bisa haddin, miƙewar ta zama kyauta, ba ta dawowa har abada, domin ƙwayoyin ƙarfen sun zame bisa juna sun sami sabon mazauni. Injiniyoyi sun yi ittifaƙi su kira wurin da noti ya riƙe ƙarin tsawo na kashi 2 cikin 1,000 da cewa nan ne haddin. Bayansa akwai wani fili da ƙarfe ke ci gaba da miƙewa alhali ƙarfin riƙonsa bai ƙaru sai kaɗan, sa'an nan ya fara tsukewa a wuri ɗaya, sa'an nan ya tsinke.

Magabata cikin masu ƙera mota sun kasance suna nisantar wannan haddi kamar yadda mai tsantseni ke nisantar shubuha. Injunan wancan zamani, irin na Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, notocinsu galibi ana ɗaure su ne da sifanar awo zuwa wani adadi da ke ƙasa da haddi, a bar mota ta yi tafiyar kilomita 1,000 ko makamancin haka, gaskit mai kauri ya kwanta, a dawo gareji a sake bin su. Irin wannan noti, muddin bai yi tsatsa ba kuma haƙoransa, waɗanda kanikawa ke ce wa tiredi, ba su cinye ba, ana mayar da shi sau da yawa ba laifi. A kan waɗannan injuna manyan kanikawanmu suka koyi sana'a, daga gare su kuma yaransu suka gada, saboda haka bakanikena bai yi ƙarya ba da ya ce tun yana yaro ake mayarwa. Fatawarsa sahihiya ce a zamaninta, injin ne ya sake a ƙarƙashinta bai sani ba.

Dalilin sakewar kuwa biyu ne. Na farko, sifanar awo shaida ce mai rauni, domin ba miƙewar noti take aunawa ba, wahalar murɗa shi take aunawa, wahalar nan kuwa galibinta gogayya ce. Ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi shi ne, cikin ƙarfin da hannu ya sa, wajen rabi yana ƙarewa a gugar ƙarƙashin kan noti, wajen kashi 40 cikin 100 a gugar haƙora, abin da ya rage ya zama matsi bai wuce ushiri ba. To, in haka ne, ɗigon mai ko ɗan tsatsa ko ƙwayar yashi ta isa ta sauya lissafi, har a sami notoci biyu da sifana ta yi wa ƙara a adadi ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya matsi da rubu'i ko fiye. Na biyu, da aka koma yin top da alminiyam don sauƙin nauyi da saurin fitar da zafi, aka kuma bar gaskit mai kauri aka koma na siraran fallayen ƙarfe, sai wata matsala ta ƙara tsananta, ita ce alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen noti. Top mai kaurin milimita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 80, zai fi notin da ke cikinsa tsawo da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kaurin takarda guda, kuma mun riga mun ga abin da kaurin takarda ke nufi ga mai jarin rabin milimita. Kullum safiya injin ya yi zafi matsi ya hau, kullum dare ya huce matsi ya sauka, gaskit yana tsakani yana shan wuya.

Dabarar da aka fito da ita mai ban sha'awa ce, gama maimakon a guje wa haddin, sai aka shiga cikinsa da gangan. Tun da yake bayan haddi ƙarfin riƙon noti kusan a tsaye yake ko an ƙara miƙa shi, to, in aka kai dukan goma ɗin cikin wannan fili, za su yi matsi kusan iri ɗaya, ko wannan ya sha mai wancan bai sha ba, kuma kumburin alminiyam ba zai ƙara musu nauyi mai yawa ba. Hanyar kai su can ita ce a bar auna wahala a koma auna juyi. Littafin Volkswagen na injunan Golf da yawa ya ce a ɗaure zuwa niyutan-mita 40, a sake bi zuwa 60, sa'an nan a ajiye sifanar awo a juya kowane noti digiri 90, a sake zagayowa a ƙara masa wani 90, ana farawa daga tsakiyar top ana fita zuwa gefuna bisa jerin da aka zana. Juyi ba ya ƙarya, domin in tazarar haƙori da haƙori milimita 1.5 ce, rubu'in juyi yana shigar da noti milimita 0.375, rabin juyi kuma 0.75, ko da mai ko babu. Wani sashe na wannan yana tafiya wajen danne gaskit da top, saura kuwa noti ne ke biya da jikinsa, har ya haye haddi. Toyota ma haka take yi a injin Corolla mai lamba 1ZZ, niyutan-mita 49 sa'an nan digiri 90, har littafinta ya ce a ɗiga fenti a goshin kowane noti don a ga inda ya juya. Ribar ita ce matsi daidai wa daida, da notoci sirara marasa nauyi, da kuma hutawa daga komawa gareji a sake ɗauri. Farashin kuwa, kowane ɗauri yana cin wani abu daga rayuwar notin wanda ba ya dawowa.

Yanzu sai mas'ala ta farko, shin ya halatta a mayar da irin wannan noti? A nan masu ƙera motoci sun saɓa, kamar yadda mazhabobi kan saɓa a reshe alhali asalinsu ɗaya. Volkswagen ta yanke cewa notin top in an kwance shi a jefar, babu togiya. BMW ta fi tsanantawa a injinta mai lamba N52, wanda aka yi jikinsa da maganiziyam haɗe da alminiyam, inda notoci da yawa na alminiyam ne, sau da yawa da shuɗin fenti a ka, domin na ƙarfe zai sa maganiziyam ya ci. Waɗannan ɗauri ɗaya tak suke yi. Mercedes kuwa, a injunanta da yawa, ta ba da rangwame bisa sharaɗi, ta rubuta iyakar tsawon da noti zai kai, wanda ya wuce a yar. Toyota takan ba da iyakar tsawo ko mafi ƙarancin kauri. Amma wadda hukuncinta ya fi koyar da mu ita ce Honda, a injin K24 na Accord ɗin 2003 zuwa 2007, wadda 'yan kasuwar mota a ƙasar nan suka laƙaba wa samfurinta na farko EOD. Littafinta ya ce a auna kaurin notin a wurare biyu, in ɗaya ya gaza milimita 10.6 a sake shi. In ya tsallake, a ɗaure zuwa niyutan-mita 39, a juya digiri 90 sau biyu. In kuwa sabon noti ne, a ƙara masa 90 na uku. Dubi wannan da kyau. Kamfanin da ya halatta mayarwa shi da kansa ya shaida cewa tsoho da sabo ba ɗaya ba ne, har ya ba kowanne nasa ɗauri, kuma wanda ya yi wa tsoho ɗaurin sabo ya tura shi gaba cikin filin da ƙarshensa tsinkewa ne.

Ya kamata a faɗa a nan cewa ba duk notin da ake juya wa digiri ne ake kai shi bayan haddi ba, akwai waɗanda ake auna musu juyi don daidaito kawai, suna nan cikin miƙewa mai dawowa. Ba a gane wannan daga wancan da kallo, ba a kuma ƙiyasta Honda da Golf, ko Corolla da Camry, ko ma injin bana da na bara mai suna ɗaya. Malaman usulu sun ce ba a ijtihadi inda akwai nassi, nassin kowane injin kuwa littafin wanda ya ƙera shi ne, kuma a yau da waya ke hannun kowane yaron gareji, uzurin rashin littafi ya yi rauni ƙwarai.

Inda aka ba da rangwame, sharaɗinsa awo ne da ma'aunin baniya ko abin da ya fi shi kaifi, a kan kowane noti ɗaya ɗaya, ba a ɗauki biyu a yi wa takwas hukunci da su ba. Akwai kuma gwaje-gwaje biyu na talaka masu amfani wajen kama wanda ya lalace sarai: a ɗora bakin rula bisa haƙoran a ɗaga sama wajen haske, in waɗansu haƙora ba su taɓa rular ba, notin ya tsuke; ko a murɗa masa lafiyayyen noti mace da yatsu tun daga ƙasa har sama, in ya cije a wani wuri, haƙoran wurin sun buɗe. Sai dai waɗannan suna tabbatar da laifi ne kawai, ba sa wanke wanda ake tuhuma. Abin da ya fi damuna ma shi ne notocin da akan tara cikin daro a kasuwar kayan gyara, waɗanda aka kwance daga injunan Beljiyam, mai saye ya tsuguna ya zaɓi goma masu kama da juna, yana ganin ya sami na asali da araha. Na asali ne, gaskiya, amma isnadinsu a yanke yake, ba wanda zai gaya maka sau nawa aka ɗaure su a Turai, ko injin da suka fito ciki obahitin ne ya kashe shi, ko ma goman daga injin ɗaya suke.

Wannan duka a kan notin top ne, wanda in ya ci amana galibi yakan yi gargaɗi, ruwa ya riƙa raguwa, farin hayaƙi ya fito a salansa, allurar zafi ta hau. Notin kwanrod ba ya sallama. Guda biyu ne kacal ke riƙe kowane kwanrod a jikin kiranshaf, ana fizgar su ana saki sau dubbai a minti, kuma ranar da ɗaya ya gaji ya tsinke ana cikin gudu, kwanrod ɗin kan fasa bulok ya leƙo waje, injin ya tashi daga abin gyara ya koma abin awo a kilo. A ra'ayina, duk inda littafi ya ce a sake notin kwanrod, ko na fulayiwil, ko babban notin fulin kiranshaf, mayar da shi ganganci ne da rayukan fasinja, ko da mai mota ne ya roƙa.

Mas'ala ta biyu ita ce musanya, watau in ba a sami na asali ba, ko an ga ya yi tsada, a sa wani a madadinsa. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane. A kan notocin kasuwa akan ga lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, kuma lambar tana da fassara: ta farko in an ninka ta sau 100 ita ce niyutan nawa kowane milimita murabba'i zai ɗauka kafin ya tsinke, ta biyu kuma ita ce kashi nawa cikin goma na wannan ne haddinsa. Saboda haka a kaurin milimita 10, mai 8.8 yana kai haddi a ƙasa da tan 4, mai 10.9 a tan 5 da 'yan kai, mai 12.9 a sama da tan 6. Wanda ya sa mai rauni a gurbin mai ƙarfi ya juya masa digirin littafi, zai ji hannunsa ya yi daidai, alhali matsin ya gaza da fiye da rubu'i. Wanda kuma ya ce bari ya kyautata, ya sa mafi ƙarfi, ya faɗa ramin da ya fi zurfi, domin digirin nan an lissafta shi ne bisa cewa notin zai sallama a wani wuri ya daina ƙara matsi. In bai sallama ba, sai abin da ya fi shi laushi ya sallama, ko haƙoran cikin bulok su zare, ko bakin silinda ya karkace, ko top ya tsage. Ga kuma tsawo: wanda ya ɗara kaɗan zai taɓo gindin rami ya tsaya, sifana ta yi ƙara alhali bai danne komai ba, wanda ya gaza kuma zai kama haƙora kaɗan ya tsige su. Hatta siffar jikin notin, da sirantar da aka yi masa a tsakiya don miƙewa ta taru a can, da faɗin wosharsa, duk suna cikin lissafin, balle a zo ga jabu, wanda lambar kansa ado ce kawai.

Akwai musanya guda da ta inganta, ita ma da sharuɗɗanta. A Amurka, motocin Ford masu injin dizal mai lita 6.0, na shekarun 2003 zuwa 2007, sun yi ƙaurin suna wajen ƙona gaskit, musamman a hannun masu ƙara wa injin ƙarfi, domin notoci huɗu ne ke kewaye da kowace silinda alhali injin mai lita 7.3 da ya gabace shi shida gare shi. Maganin da ya yaɗu a can shi ne a cire notoci masu miƙewa a sa sitod, watau sandar ƙarfe mai haƙora kai biyu da ake dasawa cikin bulok a ɗaure ta da noti mace daga sama, irin waɗanda kamfanin ARP na Kalifoniya ya shahara da su. Ƙarfensu ya fi na asali nesa, ba a kai su haddi, don haka ana kwancewa a mayar. Amma suna zuwa da nasu adadin ɗauri da nasu man shafawa, kuma wanda ya saye su ya yi musu digirin Ford ya ɓata kuɗinsa da injinsa gaba ɗaya. Ƙa'idar dai ita ce noti da hanyar ɗaurinsa abu guda ne, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. In kuma a kwanrod aka yi musanyar, sai an kai shi wurin masu injin wasawa sun auna zagayen bakinsa, gama ƙarin matsi yana iya sauya shi.

Sabon noti ma ba ya ceton wanda ya yi sakaci da ramin da zai shiga. Ruwa ko baƙin mai in ya kwanta a gindin rami, noti ya sauko a kansa, ba shi da wurin gudu, sai ya hana ɗauri kaiwa ko ya tsaga bulok. Wajibi ne a busa ramukan a tsane su, a share haƙoransu, a kuma bi abin da littafi ya ce game da shafa mai ko barinsa. Masu Camry mai injin 2AZ, ta 2002 zuwa 2006, sun san wani ciwo na daban, inda haƙoran alminiyam na cikin bulok, musamman na ramukan baya, kan zare su bar noti yana juyi a banza. Wannan ba a gyara shi da noti mai kauri da aka tura da ƙarfin tsiya, sai an huda an dasa sabon gida na ƙarfe mai haƙora, aikin da ke son mai kayan aiki da haƙuri.

Na san za a ce mini larura fa, direban da gaskit ya ƙone masa tsakanin Zandar da Agadas, ina zai ga sabon noti? Larura tana da hukuncinta, kuma ba wanda zai ce a kwana a daji saboda noti. A zaɓi mafi lafiya cikin tsofaffin, a ɗaure, a lallaɓa a isa gari. Sai dai ana ƙaddara larura gwargwadonta ne, ba ta zama sunna, kuma wanda ke tsakiyar Kano ko Kaduna, kantin kayan gyara na kallonsa, tsada kawai yake gudu, shi ba ma'abucin larura ba ne, garin neman gira ne zai rasa ido, tun da kuɗin notoci goma bai kama ƙafar kuɗin sauke top sau biyu ba. Bakanike kuma amana ce a hannunsa, in zai mayar da tsoho ya faɗa wa mai mota a fili, ya gaya masa abin da ke iya biyo baya, zaɓi ya zama nasa.

Kai kuma mai mota, ranar da za a haɗa maka injin, kafin a ɗora top, tambayi bakanikenka abu uku: me littafin wannan injin ya ce game da notocin, ina ma'aunin da aka auna su da shi, kuma digiri nawa za a juya. In ya amsa, zauna ka sha shayinka. In kuwa ka ga ya miƙa hannu wajen bututu, tashi ka tafi kanti da tsohon noti ɗaya da lambar injinka a rubuce, ka sayo goma sababbi.